Wa Ya Sa wa Mama Hannu?

Bogotá, 3 ga Maris

Yaya Efraín,

Ina gaishe ka, da Nubia da yara.

"Kin ga takardar?" Da haka likitan Mama ya tare ni a waya, ko gaisuwa babu. Wai ta bar wasiyya cewa in numfashinta ya koma hannun na'ura, a cire. Na gani. Ta cika ƙa'ida tsaf: suna, lambar katin shaida, kwanan wata, shaidu biyu. Sa hannun ne ya yi mini kyau da yawa. Mama ba ta san harafi ko ɗaya ba. Shekara ashirin ni nake sa hannu a madadinta, ita ta dangwala yatsa. Yau ga suna dogo har da lanƙwasa.

Kada kowa ya taɓa na'urar nan.

Ƙanwarka,
Yolima

Sincelejo, 8 ga Maris

Farfesa,

Muna lafiya, sai zafi. Ki fito fili ki ce ni kike zargi, ni da na yi wata biyu ina juya ta a gado. Shaidun kin san su: Doña Nicolasa mai suyar arepa, wainar masara, da Don Abelardo tela. Ba dangi ba ne, ba magada ba. Zo ki tuhume su, tunda abin da boko ya koya miki ke nan.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Sincelejo, 12 ga Maris

Yaya,

Sannu da ɗawainiya. Na sauka jiya, da gangan ban neme ka ba. Na ware shaidunka ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa ɓarayi. Nicolasa ko ɗagowa daga kasko ba ta yi ba.

"Wa ya koya mata rubutu? Ni mana, 'yar nan! Shekara guda cur, kullum bayan cin rana."

Ta miƙo mini wani littafi duk maiƙo, ba komai a ciki sai sunan Mama. Eulogia Paternina, Eulogia Paternina, shafi arba'in.

Na ce littafi ai kowa na iya cika shi.

"Mamanki ta ce haka za ki ce. Ta ce, 'Yolima ta sa mini hannu a komai, amma wannan ko ta mutu ba za ta sa ba.'"

Sau uku na gwada rubutun da na takardar, ina neman inda suka saɓa. Ban samu ba. Na so in samu.

Sai mun haɗu,
Yolima

14 ga Maris

Yaya,

Ina kwana. Na gaya wa likita na janye. Gobe ƙarfe goma na safe za a cire na'urar. Kai za ka tsaya kusa da Mama, kai ka cancanta.

Na shiga na gyara mata gashi, na zauna kaɗan. Sannan na ja ƙofar a hankali na fito.

Yolima