Banki Ya Ba Ni Zuwa Ƙarshen Wata

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya gida, ya Anti Rabi da yara? Ya ƙafar Inna, da sauƙi ko? Ni da Zainab da 'yarmu Ummi jiki dai lafiya.

Shekaranjiya na je banki kan katin bashin da na karɓa a wurinsu. Tun da gwamnati ta daina turo mana kuɗin karatu nan ƙasar waje, da shi muke biyan haya da wuta. Wata huɗu ke nan ban biya komai ba, ruwan bashin sai hawa yake yi.

Ma'aikaciyar ta ce za su yafe ruwan, in zan biya uwar kuɗin a dunƙule kafin ƙarshen wata. Na ce, "Ranki ya daɗe, da ina da su, me zai kawo ni?" Na roƙi a rarraba mini, ta girgiza kai.

Da na dawo, Zainab ta cire 'yan kunnenta na zinariya ta miƙo mini. Muka kai su kasuwar Chow Kit muka sayar, kuɗinsu ko kwatan bashin ba su kai ba. Haya kawai muka biya da su.

Ba don ka aiko da wani abu na rubuto ba, na san halin da naira take ciki. Ba ni da wanda zan gaya wa ne. Saura babi biyu in gama rubuta kundin digirina, amma ban ga alamar zan kai ba.

Don Allah kada Inna ta ji. Ta hana ni karɓar katin saboda riba, na ce mata ban karɓa ba. Ka ce dai ta sa ni a addu'a.

A gaida kowa.

Ƙaninka,
Bashir