Rasuwar Malam Matiyu Dokas a Ƙarƙashin Teku

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Masu Gyaran Rediyo da Waya ta garin Gombe take sanar da 'ya'yanta da sauran jama'a cewa labari mai nauyi ya iso mata, na rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, tsohon mataimakin shugabanta, ɗan'uwanmu Malam Matiyu Dokas, wanda ya salwanta a teku, can kudancin ƙasar nan, yana bakin aikinsa.

Marigayi Malam Matiyu ya fara sana'a ne a wata 'yar rumfa a unguwar Shamaki, inda Musulmi da Kirista suka koyi riƙon ƙarfen narka dalma a hannunsa, kuma da yawa daga cikinmu da muke da shago a yau, shi ya fara nuna mana cikin rediyo. Da aikin man fetur ya buɗe, sai wani kamfani ya ɗauke shi, aka koya masa ninƙaya da nutso, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na kogin Dadin Kowa ba, aka sa shi cikin masu kula da wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku domin sauraron motsin jiragen ruwa da ke kusantar tashoshin mai.

Abokan aikinsa sun shaida mana cewa tun damina ake tarar da wayoyin nan a yanke, yanka irin na ƙarfe mai kaifi, kuma sun sha hango wani baƙon jirgi marar tuta yana shawagi a wajen, abin da ya sa ake zargin hannun wata ƙasar waje. A ranar da abin ya faru, marigayin ya sauka ƙasan ruwa domin ya haɗa wata waya da aka yanke. Da suka ji shiru suka janyo igiyar da ke ɗaure da shi, sai ta taho babu nauyi, ita ma a yanke. An yi ta nema, ba a same shi ba.

Mun tambayi kamfanin, ya ce haɗari ne. Mun tambayi hukuma, aka ce magana ce ta tsaro, ba a tattauna ta da masu gyaran rediyo. Ba za mu yaudari iyalansa ba: ba ma sa ran za a taɓa faɗa mana wanda ya yi wannan aiki, balle a hukunta shi.

A madadin Shugaba da dattawan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, Malama Lois, da 'ya'yansa Hilda da Juliana, da mahaifiyarsa, Mama Margaret, wadda har yanzu ta ƙi karɓar gaisuwa, tana cewa ba a yi wa wanda ba a binne ba makoki. Muna roƙon masu zuwa kada su yi mata gardama, kada kuma su sa mata rai. Allah Ya ba iyalan haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar abin da ya fi ƙarfinmu duka.

Za a rufe shagunanmu ranar Asabar domin addu'a a gidan marigayin da ke Pantami. Daga nan kowa zai koma gida, domin babu gawar da za a raka makabarta.

Sa hannu:
Malam Cornelius Alfred
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar Masu Gyaran Rediyo da Waya, Gombe
Nuwamba, 1975