Gogen Na'Allah, Lamba Tara

Litinin, 14 Maris 2011

An yi zaɓe zagaye na biyu shekaranjiya, lafiya lau. Soja sun ce za su sauka. Kasuwar tura waƙa a waya ta ɗan farfaɗo, yau kart ɗin ajiya na waya goma sha ɗaya na cika wa mutane.

Na sake kallon bidiyon turawan nan da wani ɗan lakol, ɗan makarantar boko, ya bar mini a ordinatar, kwamfutar shagona. Karo na nawa ke nan, oho. Maza biyar masu gashi har gadon baya, gita na ruri kamar injin niƙa, bayansu mutum kusan sittin cikin baƙaƙen kaya da gogunan turawa manya da ƙanana. Waƙa guda minti ashirin, tana canza taku sau bakwai. Maƙwabtan shagona sun ce kiɗan aljanu ne. Su ta shafa. Ni abin da ya kama ni shi ne jerin: sun buɗe da wuta, sun sassauta a ta huɗu, sun ajiye uwar waƙoƙin a ƙarshe. Kuskurensu ɗaya, ta shida ta cika sanyi, da ni ne da na jefar da ita.

Alhamis, 17 Maris

Na nuna wa Jibrilla mai gita. Bai zauna ba har ya ƙare. Ya ce wasan da za su yi a nan Gidan Rumji na murnar komawa mulkin farar hula, haka za a yi shi: gita da ganga a gaba, makaɗan gargajiya a baya, algaita, kalangu, gurumi. Zai ɗauko har tsoho Na'Allah mai goge daga Cadakori.

Ya ce, "Ɗanasabe, kai ka san kunnen kasuwa, kuma ka yi lakol. Kai za ka jera mana waƙoƙin."

Na yi kamar ba na so.

Laraba, 23 Maris

Sun yi gwaji da rana a bayan gidan su Jibrilla. Waƙa tara. Ta uku da ta biyar, inda gita da algaita ke kokawa, wallahi ko turawan sai sun miƙe tsaye. Na ce a ja su, a ninka su.

Sai taken Na'Allah. Na marigayi maigidansa ne da ya koya masa goge, ya ce da shi yake buɗe kowane wasa shekara hamsin. Minti goma sha biyu, a hankali kamar raƙumi mai ciwon ƙafa. In aka buɗe da wannan, samari za su watse kafin gita ta yi tari.

Na sa shi lamba tara. Na durƙusa na ce, Baba, a ƙasar turawa babba shi ke rufe wasa. Na ma nuna masa a waya. Ya daɗe yana dubana, ya ce, "To, ɗana. Ku kun ka sani."

Ban yi ƙarya ba. Haka turawan suka yi.

Takardar izini dai ta ce a tashi da kiran magariba. Ni na karanto wa Jibrilla ita. Na kuma iya lissafin minti.

Lahadi, 27 Maris

Jiya aka yi. An ce ƙarfe uku, gurup, injin wuta, bai tashi ba sai huɗu saura, kamar yadda kowa ya sani. Fili ya cika, yara har kan katanga.

Gaskiya jerin ya yi. Ta farko ta tada ƙura. Ta uku, da mai algaita ya kumbura kumatu ya bi gitar Jibrilla taku bakwai ɗin nan irin na turawan, na ji tsigar jikina ta tashi. Ta biyar mutane suka ce a sake, na ɗaga wa Jibrilla hannu ya sake. Ta shida ta ɗan yi sanyi, ashe ni ma ban tsira ba. Ana tsakiyar ta takwas ladan ya kira. Aka kashe baful, lasifika ta yi tsit.

Tsohon yana kan kujera a layin baya tun farko, da sabuwar riga mai ruwan ƙasa, karin guga bai fita ba. Goge a kan cinya. Sau biyu na ga ya shafa wa tsagiyar ƙaro, yana shiri. Da aka tashi ya mayar da shi cikin jakar fata, ya nemi buta.

Kowa na ta ba ni hannu.

Talata, 29 Maris

Bidiyon wasan na tafiya kamar ƙosai. A kowane hoto tsohon na can baya a zaune. Na gwada yanke gefen, sai kan mai kalangu ya tafi.

Laraba, 30 Maris

Wata mata ta zo shago, ta ce ita ce Rakiya ɗiyar Na'Allah, tana aure nan garin. Ta miƙo waya ta ce a sa mata wurin da babanta ya yi kiɗa, ita tana wajen girkin baƙi ba ta gani ba, shi kuma ya ƙi ba ta labari.

Na ce mikro ne ya sami matsala.

Ta ce, "Ayya. Shi ke nan kuwa. Ya yi wa liman alkawari daga Asabar ɗin wasan ya aje goge. Dama don ya sallami maigidansa da taken nan ya yarda ya zo."

Ban sani ba. Wannan kam Allah ya sani ban sani ba. Na tura mata wa'azi da waƙoƙin biki, na ce ta bar kuɗin. Ta yi ta godiya, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Alhamis, 31 Maris

Ban kunna turawan ba yau.

Asabar, 2 Afrilu

Na hau kabu-kabu zuwa Cadakori da hantsi. Na shirya zance tun a hanya, irin wanda nake sayar da tsohuwar waya da shi: wai alkawarinsa bayan wasa ne, wasa kuwa bai ƙare ba tunda saura lamba tara.

Na same shi a zaure yana tufka igiya. Na zuba zancen duka. Ya yi dariya har da tari.

"Kai ɗan kasuwa ne na ƙwarai," in ji shi. "Ɗana, shekara hamsin ina kiɗa a fili. Kana zaton ban san sa'ad da rana ka faɗuwa ba? Tun ran da ka duƙa gabana na gane."

Na ce to me ya sa ka zo, Baba, ka zauna?

"Na ce ko Allah ya sa ku ji kunya."

Ya nuna mini gogen a rataye jikin bango. Ya yanke tsagiyar tun daren da ya dawo, ƙoƙo ne kawai da sanda. Na rasa inda zan sa idona. Ya ci gaba da tufka, can sai na ji yana bin taken da hanci, ƙasa-ƙasa, bai ma san yana yi ba. Waya na aljihuna, caji cike. Hannuna ya kai kanta. Ban danna ɗaukar murya ba, har yanzu ban san dalili ba.

Ba a hankali taken yake ba, ashe. Yana canza taku sau huɗu. Ran gwaji ina ta duba agogo ne.

Alhamis, 7 Afrilu

Rediyo tun safe, ana rantsar da sabon shugaba a Yamai. Jibrilla ya leƙo, an gayyace su wasa Maraɗi, wai in sake jera musu. Na ce sai na yi tunani. Ya ce me nake ta gurnani da hanci tun da ya shigo. Na ce mura ce.

Na biya wajen masu kayan doki, na ga gashin wutsiya baƙi mai kyau, irin na tsagiyar goge, na saya na sa a jaka. Haka kawai. Ban ce zai karɓa ba, alkawari ya yi wa liman, ni ba zan ma tada zancen ba. Amma bai yi alkawarin ba zai gyara wa wani kuskure ba, kuma akwai gaɓa ta uku ta taken da ta ƙi zauna mini a kai.

Asabar zan rufe shago, in koma Cadakori. Dama kasuwa ba ta ci ranar.