Lamba Ta Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Kamfanin ƙararrawar ɓarayi sun sake kira. Wai yarjejeniyar shekara za ta ƙare ƙarshen wata, zan sabunta? Na ce sai na yi shawara. Yaya yana zaune yana ji. Ina ajiye waya ya hau ni da faɗa: "Ke, wace irin ƙararrawa ce ana biya mata duk shekara, gida kuma kullum ana ɗibar kaya? Batir kawai suke canjawa su goge ƙura!" Da gaskiyarsa. Na ƙara masa shayi.

Abin da ban faɗa masa ba, cikin yarjejeniyar har da saƙo. Duk wanda ya danna lamba ƙofa ta buɗe, sai wayata ta sanar da ni. Lamba ta ɗaya tawa ce. Ta biyu ta ɗana Auta.

Alhamis, 6 ga Maris

"Lamba ta biyu ta buɗe ƙofa." Ina cikin buga takardun jarrabawa a ofishin makaranta, sai da na sake layin gaba ɗaya. Alhamdulillahi, yana raye.

Tun da shaye-shaye ya fitar da shi daga gida bara ban sa shi a ido ba. Wayarsa ma ya sayar. Sai ya daidaici ina wurin aiki yake zuwa, ya ci, ya yi wanka, ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Yau dutsen guga. Ya bar tawul a jiƙe kan gado kamar yadda ya saba, ja'iri. Na daɗe ina riƙe da tawul ɗin.

Talata, 11 ga Maris

Shiru. Na duba wayar nan har hedimasta ya ce ko saurayi na yi. Na yi masa dariyar yaƙe.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai gyaran ƙararrawa ya zo zagayensa. Ya hau kujera, ya canja batir, ya gwada ƙarar har kunnena ya toshe. Yana haɗa kayansa ya ce, "Mama, wannan lamba ta biyun fa? Wanda ba ya kwana a gida, gara a goge." Na ce bar ta. Ya kalli teburin da rediyon marigayi maigidana yake a da, inda ƙura ta zana wurinsa. Ya ɗauki kayansa ya tafi. Yana da kunya, Allah ya yi masa albarka.

Laraba, 19 ga Maris

Saƙo ya shigo da hantsi. Farin ciki ya hana ni zama. Na tuna na bar masa nama a firji, har ina cewa a raina yau dai zai ci ya ƙoshi.

Na dawo, ba firjin. Ba talabijin, ba keken ɗinki.

Maƙwabciyata ta ce wasu ƙarti biyu ne da mota, ta ɗauka sayarwa na yi. Na ce Auta fa? Ta ce ba ya cikinsu. Na sake tambaya. Ta ce, "Wallahi Maman Auta, da yana nan da na gane shi."

Ashe lambar ya sayar.

Kayan ba su dame ni ba. Wannan saƙon ne kaɗai yake ce min ɗana yana numfashi, shi ma ya raba ni da shi. Yau na yi murna da shigowar ɓarayi gidana, har da hamdala. Zuciyata ta karye.

Alhamis, 20 ga Maris

Ban je aiki ba.

Asabar, 22 ga Maris

Yaya ya zo bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Na kira mai gyara ya goge lamba ta biyu. Ya ce ni zan danna da hannuna, haka dokarsu take. Na danna. Goge lambar bai kai lokacin da ake ɗaura ɗankwali ba.

Ya ce ko an danna lambar da ba daidai ba, saƙo zai zo. Ban tambaye shi ba fa. Shi ya faɗa.

Talata, 25 ga Maris

Na ajiye kular abinci a bayan tukunyar fulawar da na shuka, bakin ƙofa. Ko mage ta ci.

Alhamis, 27 ga Maris

"An danna lambar da ba daidai ba." Ban motsa ba. Can sai ga kira daga wayar maƙwabciyata.

"Umma, ƙofa ta ƙi buɗuwa."

Muryarsa. Ta dushe, amma ita ce. Rabona da jin Umma daga bakinsa tun bara.

Na ce, "Na sani."

Ya ce in faɗa masa sabuwar, wanka kawai zai yi, ya rantse ya kuma rantsewa. Lambar tana kan harshena, wallahi tana kai. Na ce, "Jira ni in tashi daga aiki, ni zan buɗe maka." Ina jin numfashinsa. Sai maƙwabciyata ta karɓi wayarta.

Na zo a guje kamar yarinya. Ba ya nan. Kular tana bayan tukunyar fulawa, ya cinye, ya wanke ta a famfon waje ya kife. Auta da bai taɓa wanke ko cokali ba.

Litinin, 31 ga Maris

Na sabunta yarjejeniyar. Yaya ya ce asara, na ce saboda ɓarayi ne.

Na roƙi hedimasta ya mayar da ni aikin safe, in riƙa dawowa da azahar. Na ce masa bayana ke ciwo. Na fitar da kujera bakin ƙofa, wurin akwai inuwa. Tawul ɗin na wanke, yana rataye a ciki.