Turken Ƙofar Zaure

Zuwa ga Yaya Zuhaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da ɗiyarki Fatu, Allah ya tsare ku da sanyin ƙasar Turawan nan. Mu nan Tanut kowa lafiya, ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero ma ya nuna a gonar Gangara.

Yaya, zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don Allah kada ki yi dariya. Hotunan ƙauyenku na bakin teku, can Kwanwal, da kike turowa a wayar Baba, na haddace su kaf. Na san lungun nan mai matsi da kika ce mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace, da fararen gidajen masunta da suka hau kan juna, da matakalar dutse mai gangarawa wurin jirage. Duk littafin soyayyar da na aro, ko marubuciyar ta ce a Kano ake, ni can nake kai su. Nakan hau rufin zauren marigayi Kaka Ila da sunan duba shanyar kuɓewa, in yi ta kallon rairayi har ya zame mini ruwa. Har haushin lungunmu na fara ji.

Sai ran da kika turo hoton wani zoben ƙarfe a jikin bango, kika ce nan ake ɗaure jirage tun kakannin kakanninsu, kuma ko taga ba a canjawa sai meri, hukumar garin, ta yarda. Baba ya yi dariya ya ce Turawa ba su da aikin yi. Ni kuwa sai na tuna muna da irinsa: turken nan na ƙofar zaure da Abzinawa ke ɗaure raƙuma in sun kawo gishiri da dabino za su ɗauki gero. Igiya ta ci wuyansa har ya yi santsi. Ni da can tuntuɓe kawai nake yi da shi.

To ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Baffa Lawali zai rushe zauren da an gama girbi, ya gina shagunan siminti. Har an sauke bulo a lungu. Baba ya yarda, ya ce azara ta ruɓe, kuma gaskiya ne, ni ma ina jin rufin yana motsi in na taka. Inna ta ce kada kowa ya gaya miki sai an gama, wai za ki tada hankalinki a banza tunda nan kika yi karatun allo gaban Kaka. Ko maigidanki Yaya Abdulmajid, da ya zo ganin gida, ce masa aka yi bulon na maƙwabta ne. Shi ya sa ban yi miki saƙon murya a waya ba, kowa ji yake.

Ban ma san me nake so ki yi ba. Na dai san in kika kira Baffa, sauka yake daga babur ya saurare ki. Ko su yi shagunan a gefe, ko su bar bangon gaba da turken. In aka gane ni ce, Inna za ta ce littattafan nan ne suka juya mini kai, ta daɗe tana yi musu alkawarin murhu.

Ƙannenki Nana da Jibo suna gaishe ki. Ki shafa mini kan Fatu, ki ce ta daina rufe fuska a hoto.

Tun safe nake ninke takardar nan ina warwarewa. Ga Yaya Abdulmajid can tsakar gida yana ɗaure kaya, motar Damagaram ta fara hon. Na san zai tsokane ni gaban kowa, ya ce wane saurayi nake rubuta wa. To ya ce. Bari in sa hijabi in fita in miƙa masa hannu da hannu.

Ƙanwarki,
Sakina