Littafin Baba da Gara Ta Cinye Ƙarshensa

Badagishiri, ranar Alhamis

Zuwa ga yayana Muttaƙa,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, Ya sa albarka cikin aikin ginin da kake yi can Aljeriya. Mu nan lafiya lau. An gama dashen albasa, Inna na fama da ƙafa amma da sauƙi, Hassana kuma ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Idrissa.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Tun da yanar ido ta rufe masa gani ya daina fita ƙofar gida, abinci ma sai da lallashi. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, amma Baba ya ƙi, wai duk abin da ke Badagishiri ya riga ya gan shi. Watan jiya ina gyaran akwatinsa na ƙarfe, cikin takardun da ya tara lokacin yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sai na tsinci wani tsohon littafi na Faransanci. Wani Bature matafiyi ne ya rubuta shi fiye da shekara ɗari da suka wuce, ya hau alfadari ya bi gaɓar tekun ƙasar da kake. Baba ya ce shekara talatin yana ajiye da shi bai samu sukunin karantawa ba, in karanta masa.

Kullum bayan la'asar muna cin shafi huɗu ko biyar. Akwai duwatsu masu tsayi da suka tsaya cikin ruwa, igiyar ruwa na dukansu har kumfa ta kai bisa, da ƙauyukan masunta maƙale a jikin dutse kamar sheƙar tsuntsu. Baba ya koma zama waje. Kawu Chindo ya riƙa zuwa musu, yana cewa shi ya ga teku a Kwatano, rairayi ne shimfiɗe, Bature ya yi ƙari. Ranar nan sai da suka cinye kwanon tuwo suna gardama.

To, gara ta cinye ƙarshen littafin. Mun bar mutumin kan wata siririyar hanya, dutse a dama, rami da teku a hagu, alfadarin ya kafe. Na ƙago sauran da kaina, na ƙetarar da shi lafiya. Baba ya bari har na gama, sannan ya ce wannan Faransancin nawa ne ba na Baturen ba, shi ya koya mini. Tun ranar ya sake komawa ɗaka.

Shekaranjiya da kansa ya ce gani ya kori ji: in ka je wurin ka ɗauko hoton hanyar, zai yarda a yi masa aikin don ya duba da idonsa. Na rubuta sunan ƙauyen da ke kusa da hanyar a bayan takardar nan. Yaya, ko hanyar ta rushe, ka ɗauko abin da ka iske. Likita ya ba mu ranar goma ga watan gobe, na riga na sa sunan Baba, bai sani ba.

Inna, Hassana da Kawu Chindo suna gaishe ka. Ka gaida Junaidu abokin zamanka. Allah Ya tsare, Ya maido ka gida lafiya.

Ƙanwarka,
Rumaisa