Rasuwar Kawu Ulysse Pitre da Makomar Bukkarsa ta Farauta

Cikin alhini, tare da godiya ga Ubangiji da ya ara mana shi tsawon rai, Ƙungiyar Mafarautan Agwagwa ta Fadamar Cendre da ke kudancin Louisiana ta samu labarin rasuwar Uban Ƙungiya, tsohon Shugabanta kuma Shugaban Kwamitin Amintattunta, Mai Girma Mista Ulysse Pitre, wanda babba da yaro ke kira Kawu Ulysse. Ya cika da safiyar Talata a barandar gidansa yana da shekara tamanin da bakwai, bayan ya karya kumallo ya kuma yi wa maƙwabcinsa tsiya kamar yadda ya saba. Mun san tambayar da ke bakin kowa tun ranar, wato ko za a cinna wa bukkarsa wuta, kuma wannan sanarwa za ta amsa ta.

Marigayin ya yi wa ƙungiyar nan hidimar da ba ta misaltuwa. Da hannunsa ya sassaƙa yawancin agwagin katakon da muke jerawa a kan ruwa don janyo na gaske, kuma da wuya a samu mafarauci a yankin nan da ba a gabansa ya koyi busa usur ɗin kiran agwagwa ba. Shi ya tsaya kai da fata aka haramta harbin agwagwa tana zaune a kan ruwa, shi ya ja mu muka yi ta tare ruwan gishirin teku da ke cin fadamarmu. Mutum ne mai taurin kai, ba za mu ɓoye ba don ya kwanta dama, amma tukunyar gumbo, wato miyar naman agwagwar da yake dafawa, ba ta taɓa sauka ba tare da an kira wanda ya dawo hannu rabbana ba.

Ya ga zamani ya juya a kan idonsa, bai kuwa ɗaga hankalinsa ba. Agwagi sun rage saukowa daga arewa, matasa sun tafi birni, waɗanda suka rage sun koma ga agwagin roba masu kaɗa fiffike da batir. Abin da ya dame shi al'adarmu ce ta gado: duk ɗan ƙungiyar da ya rasu bai bar ɗa namiji mai riƙe bindiga ba, a jajibirin buɗe farauta akan ƙone bukkar da yake fakewa a cikinta in zai yi harbi, kududdufin farautarsa ya zama na kowa. A shekarun baya-bayan nan bukkokin da muka ƙone sun fi waɗanda muka gina yawa. Ya sha faɗa mana a taro cewa, "Ku ci gaba da ƙonawa. Ranar da na ƙarshenku zai mutu, sai in ga wanda zai ƙyasta masa ashana."

Shi kansa bai bar ɗa namiji ba. Ya bar 'yarsa tilo, Madam Odile Pitre, wadda ta tashi a cikin kwalekwalensa, ta san kowane lungu na fadamar, amma kamara take ɗauka maimakon bindiga, tana kai baƙi kallon tsuntsaye da asuba. Abokan mahaifinta kan zolaye ta da cewa, "To 'yar Kawu, hoton za ki jefa a tukunya?" Shi kuwa sai ya tare mata: "Ku masu bindigar, bara me kuka jefa a taku?" Ya nemi a sauya dokar tun yana raye, taro ya ƙi, ya yi dariya ya ce ba ya gaggawa.

Kwamitin Amintattu ya zauna washegarin rasuwarsa. Mista Clovis Naquin, abokin farautarsa tun ƙuruciya kuma jagoran masu adawa da sauyin, shi ya fara miƙewa, ya ce, "Ni dai ba da hannuna ba. Duk wanda zai ƙone bukkar Ulysse, sai ya fara ɗauke ni daga ciki." Babu wanda ya yi musu. An soke dokar, kuma daga yau bukka za ta wuce ga duk ɗa ko 'yar da ke ƙaunar fadamar nan, da bindiga ko babu.

A madadin Shugaba, Kwamitin Amintattu da ɗaukacin 'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Misis Elodie Pitre, da 'yarsa da sauran dangi, muna roƙon Allah ya jiƙansa, ya ba su ƙarfin zuciya da haƙurin jure wannan rashi. Za a yi jana'izarsa ranar Asabar a cocin garinmu. Madam Odile, bukkar mahaifinki taki ce, kuma mu tsofaffin da suka rage za mu zo mu sake mata jinka kafin agwagi su sauko.

Sa hannu:
Mista Alcide Verdin
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Mafarautan Agwagwa ta Fadamar Cendre